Takardar Tambayoyi a Kanta ta Uku

A daminar 2023, watanni kaɗan bayan ƙurar canjin kuɗi ta lafa, wani ɗalibin digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci ya shiga wani reshen banki da ke kusa da kasuwar Kantin Kwari a Kano, riƙe da ambulan cike da takardun tambayoyi. Kundinsa ya shafi yadda bankuna ke zaƙulo haziƙan ma'aikata da yadda suke riƙe su, a wannan zamani da hada-hadar kuɗi ta koma cikin waya. Manajan reshen ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ƙirga takardu 14, ya ce ya dawo ranar Alhamis. Mutanen da ke aiki a reshen sun haura 30. Waɗanda ba a ƙirga da su ba 'yan kwantiragi ne, kuma a shafin farko na takardar an bayyana cewa binciken na ma'aikatan dindindin ne kaɗai.

Takarda ɗaya ta yi saura domin mai ita yana hutu. Don kada a mayar wa yaro da ita fayau, sai aka miƙa ta ga matar da ke zama a kanta ta uku.

Shekararta 9 ke nan a kan wannan kujera. Babbar difloma gare ta a fannin akanta, kuma tun ranar da aka ɗauke ta, ta hannun wani kamfanin samar da ma'aikata aka ɗauke ta, shi ke biyanta, shi ke sabunta mata yarjejeniya duk ƙarshen shekara. Tana sa kayan da kowa ke sawa, tana zuwa kafin ƙarfe bakwai da rabi, ba ta tashi sai lissafin kuɗin ranar ya daidaita har kwabo. Albashinta bai kai rabin na yarinyar da ta gama hidimar ƙasa bara aka zaunar a teburin kula da manyan kwastomomi ba, wadda ita ta kanta ta ukun ce ta koya mata gane jabun dubu ɗaya da taɓawar yatsa. Irinta ba su da kaɗan. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a 2019 bankunan Nijeriya na da ma'aikata fiye da 100,000, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari daga cikinsu 'yan kwantiragi ne. Duk binciken da ya zare su daga lissafi ya zare kusan rabin fuskokin da kwastoma ke gani idan ya shiga banki.

Ta tafi da takardar gida, ta buɗe ta bayan sallar isha'i. Da Ingilishi aka rubuta ta, jimloli 32, kowace da akwatuna biyar a gabanta, daga cikakkiyar amincewa zuwa cikakkiyar ƙi, bisa ma'aunin nan da Rensis Likert ya fito da shi a 1932. Jimla ta farko na cewa bankin na da tsarin gano masu hazaƙa. Ta biyu, ana tura masu hazaƙa horo a kan sababbin fasahohi. Ta bakwai, ma'aikaci na ganin makomarsa a wannan banki. Ta daɗe biro na hannunta a kan ta bakwai ɗin.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan kalmar da takardar ke ta nanatawa. Kalmar Ingilishin da akan fassara da hazaƙa ko baiwa ta samo asali ne daga tsohuwar Girka, inda take nufin ma'aunin nauyi da ake auna azurfa da zinariya da shi; ita ce talanti ta cikin fassarar Linjila. Wato tun fil'azal kuɗi ce kafin ta zama sifar ɗan Adam. Ta shiga bakin masana gudanarwa da ƙarfi ne bayan 1997, lokacin da kamfanin McKinsey na Amurka ya yaɗa ra'ayin cewa kamfanoni na cikin yaƙin neman haziƙai, kuma wanda ya mallaki 'yan tsirarun da suka fi kowa shi ke da gobe. Daga nan aka sami ɗabi'ar ware wasu kaɗan a kira su taskar hazaƙa, a zuba musu horo da ƙarin girma, sauran kuwa a ɗauke su hannaye masu sauƙin musanyawa.

Hausa ba ta da kalma guda da za ta ɗauki wannan kaya. Baiwa daga Allah take, ba a koyar da ita, ba a kuma yi wa mutum albashi a kanta. Hazaƙa kaifin ƙwaƙwalwa ce, ta fi dacewa da ɗalibi. Ƙwarewa kuwa sai an daɗe ana yi, gwaninta sai an gani an yaba, basira ita ce hangen abin da wasu ba su hango ba. Bahaushe ya rarraba abin da Bature ya dunƙule, kuma rarrabawar na da amfani ga mai bincike: da an tambayi manajan reshen wane ne haziƙinsa, da zai nuna saurayin da ke gyara na'urori, da an tambaye shi wa ya ƙware, da ya waiga kanta ta uku. Takardar ba ta bar masa damar bambancewa ba.

Abin da matar nan ta tuna a daren, wanda ya hana ta cika akwatin, shi ne watan Fabrairu.

A ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Hujjarsa ita ce, daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 na wajen bankuna. Sababbin takardun sun fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairu 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a suka kwashi abin da ke ƙarƙashin katifa da cikin rumbu suka kai banki, sabon kuɗi kuma ya ƙi wadata. A farkon Fabrairu aka ba da umarnin a riƙa biyan mutum abin da bai wuce naira 20,000 ba a kan kanta a rana, amma a reshen da take, ranar da aka yi sa'a naira 5,000 ake bai wa kowa har kuɗin su ƙare kafin azahar. Mutane na kama layi tun bayan asuba. Aka rufe babbar ƙofa, masu gadi na raba lamba ta tsakanin ƙarafa.

An ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya, kowa kuwa ya koma a lokaci guda, sai hanyoyin suka cushe. A nan ne maganar haziƙai ta nuna gaskiyarta, kuma bai kamata a tauye ta ba: tun 2022 shugabannin bankuna ke kokawa a fili cewa injiniyoyinsu na manhaja na ajiye aiki suna tafiya Ingila da Kanada, ko su koma sababbin kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya. Lokacin da nauyi ya sauka, hannayen da za su tallafe shi sun ragu. Kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay, waɗanda turawarsu ta fi saurin isa a makonnin nan, a lokacin ne suka shiga aljihun masu shayi da masu kayan miya. Ɗalibin bai yi kuskure ba da ya ɗauki wannan a matsayin matsala. Kuskuren takardarsa shi ne ta tsaya a hedikwata, alhali wahalar a bakin kanta ta sauka.

Wata Talata a tsakiyar watan, wani dattijo mai sayar da atamfa a Kwari ya ratsa taron ya iso gabanta, yana riƙe da hannun rigar wani baƙo da ya zo sari daga Gusau. Baƙon ya tura masa naira 850,000 kuɗin diloli. An cire kuɗin daga asusun baƙon, ga saƙon a wayarsa yana nunawa kowa. Dattijon kuma bai ga alat ba tun jiya. Motar Gusau na shirin tashi. Ɗaya na ganin za a riƙe masa kaya bayan ya biya, ɗaya na tuna labaran alat na bogi da suka cika kasuwa. Shekarunsu shida suna ciniki, amma a safiyar nan har an fara ambaton 'yan sanda.

Ta duba na'ura, ta ga abin da ta zata. Ta ce, "Baba, ku saki rigarsa, bai cuce ku ba. Kuɗin sun bar gidansu, ba su iso gidanku ba. Suna tasha."

"Wace tasha kuma, 'yar nan?"

Sai ta yi masa bayani da abin da ya sani. Idan kuɗi za su tashi daga wani banki zuwa wani, akwai matattara a tsakiya da kowane banki ke bi ta cikinta, kamar yadda kayan Legas ke sauka a tasha kafin ɗan dako ya kawo su shago. Yau tashar ta cika, motoci sun yi cirko-cirko. Ɗayan biyu za a yi: ko kuɗin su ƙaraso, ko a mayar wa mai su. Ba sa ɓata. Abin da take kira tasha shi ne tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna da kamfanin NIBSS ke gudanarwa tun 2011, amma da ta faɗi wannan suna da ba ta kashe wutar ba. Ta kwafe doguwar lambar shaidar turawar a takardu biyu, ta ba kowa ɗaya. Sannan ta kawo shawarar da babu ita a kowane littafin horo na banki: a ɗaure dilolin a ajiye su a shagon maƙwabcin dattijon, wanda dukansu suka yarda da shi, baƙon ya bi motarsa, ranar da kuɗi suka shigo a ɗora masa kayan, idan kuma suka koma asusunsa ya sake turowa.

Dattijon ya ce, "In ba su zo ba fa, ba su koma ba?"

"Ku zo nan, Baba. Ni ce shaida."

Kuɗin sun shigo ranar Juma'a.

Wanda ya karanci tarihin fataucin Hausawa zai gane wannan aiki nan take. Shi ne aikin fatoma da maigida da dillali, mutanen da ke tsayawa tsakanin baƙo da ɗan gari su ɗora mutuncinsu a kan cinikin da ba nasu ba. Abner Cohen ya bayyana shi a nazarinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, inda dubban fam na shanu da goro ke sauya hannu bashi, ba takarda ba sa hannu, sai dai maigidan da ya tsaya wa kowane ɓangare. Fasahar zamani ta yi alƙawarin kawar da mai tsayawa a tsakiya, kuma a ranar da komai ke tafiya daidai tana cika alƙawarin. Ranar da sabis ya ɗauke, sai ciniki ya koma neman fuskar da za a riƙe.

Binciken karɓuwar fasaha a bankuna, wanda kundaye da yawa a jami'o'in ƙasar nan ke bi, ya dogara ne kan tsarin da Fred Davis ya gabatar a 1989: mutum na rungumar sabuwar fasaha idan ya hango amfaninta kuma ya ga sauƙin sarrafa ta. Daga baya masu bincike suka ƙara amincewa a matsayin ma'auni na uku, suna tambayar kwastoma ko ya yarda da manhajar bankinsa. To amma Hausa ta raba yarda da amana. Yarda a zuciyar mai bayarwa take, tana iya zuwa yau ta tafi gobe. Amana kaya ce da ake ɗora wa wani, ana ba da ita, ana riƙe ta, ana cin ta, kuma wanda ya ci ana iya zuwa ƙofar gidansu. Ba a banza A. H. M. Kirk-Greene ya sa ta cikin sifofin mutumin kirki a laccarsa da aka buga a 1974 ba. Dattijon Kwari bai taɓa bai wa manhaja amana ba, domin manhaja ba ta da gidan da za a je. Ya bai wa 'yar kanta ta uku, ita kuma ta tsaya wa manhajar. Da ɗalibi zai kai masa takarda ya tambaye shi ko ya yarda da tura kuɗi ta waya, zai ce ƙwarai kuwa, a rubuta shi cikin waɗanda fasaha ta gamsar, a rasa ta inda gamsuwar ta biyo.

Batun ya fi nauyi a wannan yanki fiye da ko'ina. Binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na baligan Nijeriya ba sa mu'amala da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma arewa maso yamma ce kan gaba, inda adadin ya doshi rabi. Mutanen da ake son jawowa ɗin nan akasarinsu da Hausa suke lissafi, saƙonnin banki kuwa da Ingilishi suke zuwa. Tsakanin saƙon da mai shi akwai wani mutum da ke fassarawa, ko ɗa, ko mai POS na bakin layi, ko kashiya. Kalmomin da suka samu gindin zama, irin su alat da taransifa da "kuɗi sun maƙale" da "an yi ribas", ba wani kwamiti ne ya zauna ya ƙirƙiro su ba. A bakin kanta da rumfunan kasuwa aka haife su. Ga fili nan a buɗe ga masu nazarin harshe, tun kafin masu nazarin gudanarwa su farga da shi.

Sai dai ba za a wanke ta tas ba, ita ma ba ta wanke kanta ba. Sanayyar da ta kashe rigimar atamfa ita ce kuma ta sa, a cikin makon, ta ɓoye lambobin layi uku a aljihun tebur. Ɗaya ta bai wa wata mata da ta ce 'yarta na naƙuda a asibiti ana neman kuɗi a hannu. Ɗaya ta bai wa wani tsoho da ƙafa ta hana shi tsayuwa. Ta ukun kawunta ta bai wa, lafiyarsa ƙalau. Wani matashi da ya kwana biyu yana zuwa bai samu ba ya gani, ya ɗaga murya ya ce dama banki na masu uwa a gindin murhu ne. Ba ta ɗago kai ba, domin ta san gaskiya ya faɗa. Dokokin banki masu tsauri, da na'urar da ba ta san fuskar kowa ba, saboda irin wannan aka yi su, kuma matashin na da hujjar fifita na'ura a kan mutum. Duk mai son ya auna irin ƙwarewarta dole ya auna ta da wannan gefen nata.

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, kuɗi suka fara dawowa sannu a hankali. Reshen ya sami takardar yabo daga shiyya saboda bai rufe ko yini ɗaya ba kuma ba a fasa masa gilashi ba. Manaja ya sami ƙarin girma. 'Yan kwantiragi aka raba musu lemo da shinkafa a ranar wata Juma'a. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A jimla ta bakwai ɗin, daga ƙarshe, akwatin tsakiya ta yi wa alama, wanda ke nufin babu ra'ayi. Haka ta yi wa mafi yawan sauran. Takardar ta hannun manaja za ta koma, kuma ko ba don haka ba, kara ba ta barin mutum ya rubuta cikakkiyar ƙi a kan inda yake cin abinci. Wannan ma wani abu ne da jadawalin ɗalibin ba zai nuna ba: akwatin tsakiya a nan sau da yawa ƙi ne da ya sa mayafi. Da ta gama sai ta juya bayan shafin ƙarshe, inda babu tambaya, ta yi rubutu da Hausa layi huɗu. Ta ce ita ba ma'aikaciyar dindindin ba ce, don haka ya yi haƙuri idan ta ɓata masa takarda. Ta ce idan yana son sanin yadda aka yi reshen bai ƙone ba a watan Fabrairu, ya zo bayan ƙarfe biyar ya tambayi masu gadi da masu kanta.

Ɗalibin ya ga rubutun lokacin da yake shigar da amsoshi a kwamfuta. Ya kai wa malamin da ke duba aikinsa, malamin ya karanta, ya jinjina kai, ya ce magana ce mai kyau amma mai ita ba ta cikin rukunin da aka ayyana a babi na uku, kuma sauya rukuni a wannan mataki na nufin komawa gaban kwamiti. Gaskiya malamin ya faɗa, ga kuma wa'adin miƙa kundi saura wata biyu. Aka lissafa takardar cikin waɗanda suka lalace. Kundin ya kammala da cewa akwai alaƙa mai ƙarfi tsakanin kula da haziƙan ma'aikata da ingancin hada-hadar kuɗi ta zamani, ya ba da shawarar a ƙara horo da alawus. Michael Polanyi ya yi rubutu tun 1966 a kan ilimin da ke zaune a hannu da idon mai aiki wanda ba ya shiga takarda. Sunansa na cikin babi na biyu na kundin, a sakin layi guda.

A Disambar shekarar aka rage kantocin reshen daga shida zuwa uku, tunda yawancin ƙananan cire-cire sun koma hannun masu POS. Ba a sabunta mata yarjejeniya ba. Ba wanda ya kore ta, wa'adi ne ya cika, saƙo ya shigo wayarta daga kamfanin da ya ɗauke ta ana yi mata godiya. Da ɗan abin da ta tara da gudummawar mijinta ta kama rumfa a bakin kasuwar, ta sa na'urorin POS biyu na kamfanoni daban-daban, domin in ɗaya ta ƙi ɗaya ta yi.

Bayan ya kare kundinsa, ɗalibin ya je reshen da yamma kamar yadda rubutun ya ce. Mai gadi ne ya yi masa kwatancen rumfar. Ya same ta tana ƙirga 'yan ɗari biyar-biyar, yaron dattijon mai atamfa na tsaye da jaka yana jiran a tura wa wani kamfani a Legas kuɗin kaya. Ya gaishe ta, ya faɗi ko shi wane ne, ya ce yana tunanin ci gaba zuwa digiri na uku, kuma wannan karon hira yake son yi, da Hausa, ba akwatuna.

Ta ce, "To, ƙanena, zauna a bencin nan. Amma sai na sallami mutane."

Na'urar farko ta yi ta juyi ba ta ba da amsa ba. Ta ajiye ta, ta ɗauki ta biyun, ta ce wa yaron ya sake karanto mata lambar asusun a hankali.